Bas ɗin yawo, ɗan jagora, ko ƙafarka: ranar farko kai kaɗai a babban birni

Jirgi ya sauka da sassafe. Ka wuce jami'an shige da fice, ka ɗauki jakarka, ka sha tafiyar kusan awa guda daga filin jirgi zuwa cikin gari, ga ka tsaye gaban teburin otal da ƙarfe 9. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce ɗakinka ba zai samu ba sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, kamar yadda yawancin otal-otal suke yi, amma za su ajiye maka kaya. Ka fito bakin ƙofa. Ba wanda za ka juya ka ce wa, "To, ina muka nufa?" Gari ne na miliyoyin mutane, kowa na sauri, ba wanda ya san da zuwanka, kuma wataƙila ko rubutun da ke kan allunan titi ba ka iya karantawa. Abin da ka zaɓa a wannan sa'ar shi zai nuna ko za ka koma masauki da dare kana jin ka fara kama bakin zaren garin, ko kuwa ka koma da kumburarriyar ƙafa da hotuna 200 na wuraren da ba za ka iya faɗin sunansu ba.

Hanyoyin da ke gabanka ba su da yawa. Akwai bas ɗin 'yan yawon buɗe ido, mai bene, wanda samansa a buɗe yake, ana hawa ana sauka a inda aka ga dama. Akwai zagaye a ƙafa tare da ɗan jagora cikin ayarin baƙi. Akwai ka kama hanya da kanka, da taswira a waya da katin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai kuma ɗaukar direba ko jagora naka kai kaɗai. Ra'ayina a fili yake tun daga farko: ga mafi yawan mutane, a mafi yawan birane, zagayen ƙafa da jagora da safe, sannan hawa wani abin hawa na 'yan gari da rana, shi ya fi. Amma akwai garuruwa da yanayin da wannan shawarar ba ta aiki ko kaɗan, kuma su ne suka sa maganar ta yi tsawo.

Kafin a zo kan gari, sai an fara duba jiki. Wanda ya kwana zaune a jirgi, ya tsallaka bambancin lokaci na awa biyar ko shida, ba shi ne mutumin da ya tsara tafiyar yana kishingiɗe da waya a hannu ba. Jiki kan ɗauki kusan kwana guda kafin ya daidaita da kowace awa guda ta bambanci, kuma tafiya gabas ta fi tafiya yamma wahalar sabawa. Abin da ya fi taimaka wa agogon jiki shi ne hasken rana da motsi. Wannan kaɗai ya isa ya ba duk wani zaɓi da zai tsayar da kai a waje fifiko, ya kuma rage darajar duk wanda zai kulle ka a ɗaki mai duhu. Gajiya ba ƙafa kaɗai take kamawa ba, tana taɓa hankali: mai jin barci shi ke hawa jirgin da ya nufi kishiyar inda za shi, shi ke mance jaka a kan benci, shi ke amsa wa baƙon fuska abin da ba zai amsa ba in da idonsa biyu.

Bas mai bene shi ne zaɓin da ya fi sauƙin sha'ani, kuma ban yarda da masu raina shi ba. Ka sayi tikiti, galibi na awa 24 ko 48, a ba ka abin saƙalawa a kunne, ka zaɓi harshe, ka hau sama ka zauna. Cikin awa biyu ko makamancin haka ka zaga manyan wuraren garin ba tare da ka yanke shawara ko guda ba. Ga wanda bai rintsa ba, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda kwana ɗaya tak ke gare shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga saman bas kuma kana ganin yadda garin ya shimfiɗu: inda kogi ya ratsa, inda tsohon gari ya ƙare sabo ya fara, wace unguwa ce ta fi kusa da wacce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya koya maka wannan, domin ka shiga rami ne ka fito ta wani ramin.

Inda bas ɗin ya fi biyan kuɗinsa shi ne garin da wuraren kallonsa suka warwatse. Dubai ta miƙe ne a bakin teku, tsakanin tsohuwar unguwar Deira da wajen Marina akwai tafiyar gomman kilomita, titunan manya ne da aka yi domin mota, kuma a lokacin zafi ma'auni kan haura digiri 40. Wanda ya ce zai san Dubai da ƙafa a watan Yuli wahala kawai zai sha. Haka birnin Cape Town, inda bas ɗin kan kai mutum har tashar motar igiya da ke hawa Dutsen Tebur, ya gangara da shi bakin teku ta Camps Bay, tafiyar da haɗa ta da motocin haya zai ci wa baƙo rabin yini.

A tsofaffin birane kuwa lissafin juyewa yake. Abin da ya sa mutane ke zuwa Rum yana cikin lunguna ne da babbar mota ba ta shiga. Bas ba zai ajiye ka a gaban maɓuɓɓugar Trevi ko ginin Pantheon ko dandalin Navona ba, sai dai ya sauke ka a babban titi ka ƙarasa da ƙafa. Tsohuwar unguwar Gotik ta Barcelona ma haka take. A tsakiyar Landan kuma cunkoso ne zai cinye ka, ka ga mai tafiya a ƙasa ya wuce ku, ya ɓace, ku kuna nan a fitila ɗaya. Ga jira: duk saukar da ka yi, sai ka tsaya a tasha har wani bas ya zo, in ya zo cike ka jira na bayansa. Yawancinsu kuma da yamma suke tashi daga aiki, don haka tikitin awa 24 bai nufin awa 24 na yawo. Abin da ya fi damuna da shi dai wani ne daban. Ka wuni a bas ɗin nan, gari ya waye kana nan yadda ka zo: ba ka san yadda ake sayen katin jirgi ba, ba ka yi magana da ɗan gari ko ɗaya ba, murya ce kawai da aka naɗa take ta zuba a kunnenka, ba ka da halin ce mata "tsaya, maimaita."

Wannan giɓin ne zagayen ƙafa da jagora yake cikewa. An ce da ɗan gari ake cin gari, kuma a ranar farko ba inda maganar ta fi zama daidai. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: a haɗu a wani sanannen dandali da ƙarfe 10 ko 11, jagora na riƙe da laima mai launi don a gane shi, a yi awa biyu zuwa uku ana tafiya ana tsayawa. Tarihin da zai ba ka yana da daɗi, amma a wurina ba shi ne babbar ribar ba. Ribar tana cikin 'yan tambayoyin da za ka jefa masa tsakanin tsayawa da tsayawa. Wane kati zan saya na jirgi? Wace unguwa ce ba a so baƙo ya bi da dare? Ana shan ruwan famfo a nan? Tasi mita yake bi ko ciniki ake yi? Wane wuri ne sai an yanki tikiti tun da wuri? Amsoshin minti biyar daga bakin wanda ke zaune a garin sun fi karatun dare uku a intanet, domin na yau ne, kuma kana iya sake tambaya in ba ka gane ba.

Ga mai tafiya shi kaɗai akwai ƙarin wani abu. Kaɗaici a baƙon gari yakan fi tsanani a yinin farko, lokacin da ka ga abin mamaki ka waiga ba wanda za ka nuna wa. A ayarin nan za ka tarar da wasu irinka. Ko ba ku ƙulla abota ba, ka samu wanda zai ɗauke ka hoto ba tare da ka miƙa wayarka ga wanda ba ka sani ba a tsakiyar taro, ka kuma ji muryarka tana magana da mutane. Sannan masu damfara ba su cika tunkarar wanda ke cikin ayari da jagora ba. Wanda ke tsaye shi kaɗai yana jujjuya waya suke nema.

Sai dai a fahimci yadda kuɗin ke tafiya. Zagayen da ake tallatawa da sunan "kyauta" ba kyauta ba ne. Jagoran ba shi da albashi, da abin da aka ba shi a ƙarshe yake rayuwa, kuma a tsarin kamfanoni da yawa shi ne ma ke biyan kamfanin wani abu a kan kowane mutum da ya zo. Wanda ya sulale kafin a gama bai ba da komai ba, ya jawo wa bawan Allah asara. Wannan tsarin yana da amfaninsa, don jagora kan dage ya burge, yana kuma da illarsa, don wani kan fifita labari mai daɗi a kan labari na gaskiya, ayarin kuma kan kumbura har na baya ba ya jin abin da ake faɗa. Zagayen da ake biya tun farko yakan zo da mutane kaɗan, kuma a ƙasashe irin su Turkiyya da Masar da Italiya akwai jagorori masu lasisi da suka yi karatu suka ci jarrabawa, suna rataye da katinsu. A Landan ana gane irinsu da shuɗiyar lamba da suke maƙalawa. In tarihi ne ya kawo ka, nemi waɗannan. In kuwa so kake ka san gabas da yamma kawai, na "kyauta" ya wadatar, muddin za ka sallami mai shi da mutunci.

Illar zagayen ƙafa ita ce ƙanƙantarsa. Awa uku ba za su wuce kilomita uku ko huɗu ba, wato unguwa ɗaya. A Rum ko tsohon Istanbul ko tsohuwar Alƙahira wannan ba matsala ba ce, don abubuwan a cushe suke: titin Mu'izz daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila bai kai kilomita biyu ba, amma masallatai da makarantu da gidajen da ke jere a kansa sun kwashe tarihin ɗaruruwan shekaru. A Tokyo kuwa, garin da ba shi da cibiya guda, zagayen unguwar Asakusa zai nuna maka Asakusa ne kawai, ka fito ba ka san komai game da Shibuya ko Ginza ba. Ga kuma ɗaure kai da lokaci. In jirginka ya yi latti, ko layin shige da fice ya yi tsawo, ayari ya tafi ya bar ka. Shi ya sa na fi son a yi rajistar na hantsi ko na bayan azahar in ranar aka sauka, a bar na sassafe ga wanda ya kwana a garin.

Yanzu ga zaɓin da zuciyar yawancin masu tafiya su kaɗai ke karkata gare shi: kama hanya da kai. Ai dalilin tafiya kai kaɗai ke nan, ka tsaya inda ka so, ka wuce inda bai burge ka ba, ka zauna a benci awa guda kana kallon mutane ba mai ce maka taso. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, shi kuma ya fi koyarwa, don kuskuren da ka yi da ƙafarka ba ya ɓacewa a ka. Amma 'yancin nan yana da haraji, kuma ranar farko ake biyan mafi yawansa.

Harajin farko shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kowane gari da ƙa'idarsa, kuma ba mai tsayawa ya karanta maka. A Landan kana iya taɓa katin bankinka a ƙofa ka wuce, na'ura ta tsayar da cajin in ka kai iyakar yini, amma bas-bas ɗin garin sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A Berlin babu ƙofa ma sam, ka shiga kawai, amma in tikitinka na takarda ne ba ka buga masa hatimi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali ba, mai bincike zai ci ka tara kamar wanda bai saya ba, kuma "ni baƙo ne" ba ta fid da kai. A bas ɗin Rum ma sai an buga. A New York jirgi biyu kan tsaya a dandamali ɗaya, ɗaya mai tsayawa a kowace tasha, ɗaya mai tsallake, in ka hau na biyun bisa kuskure sai ka ga tasharka ta wuce ta taga. Hatta matakalar lantarki tana da ladabinta: a Landan a dama ake tsayawa a bar hagu ga masu sauri, a Tokyo a hagu. Tashar Shinjuku ta Tokyo kuwa, wadda mutum fiye da miliyan 3 ke ratsawa kullum, tana da mafita sama da 200. Fita ta wadda ba ita ba na iya zama tafiyar minti 15 ta komawa baya. Ba na ba kowa shawarar ya sa irin wannan tasha cikin lissafin yininsa na farko, balle a lokacin tashi daga aiki.

Haraji na biyu taswirar jirgin ce da kanta. Ta Landan, wadda Harry Beck ya zana aka fara bugawa a 1933, an yi ta ne don nuna yadda layuka ke haɗuwa, ba don nuna nisa ba, kuma garuruwa da yawa sun kwaikwayi salonta. Baƙo kan duba ya ga tasha biyu, ya gangara ƙasa, ya jira, ya hau, ya sauka, alhali tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba. Tsakiyar manyan biranen Turai ta fi yadda taswira ke nunawa ƙanƙanta. A Faris, daga gidan tarihi na Louvre ka miƙe ta lambun Tuileries da dandalin Concorde da titin Champs-Élysées har Arc de Triomphe, layi ne guda miƙaƙƙe da bai kai kilomita huɗu ba. A Landan, daga gadar Westminster ka bi gaɓar kudu ta kogin Thames har gadar Tower, nisan bai wuce haka da yawa ba, kuma ba yadda za a yi ka ɓata tunda ruwa na hannunka na hagu. In har za ka yi yinin farko da kanka, irin wannan hanyar za ka nema: layi ɗaya, mai kogi ko babban titi da zai riƙe ka, ba jerin wurare takwas a kusurwa huɗu na gari ba.

Haraji na uku mutane ne. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin wanda ka tambaya da wanda ya tare ka. Ka tambayi ma'aikacin tasha, ko mai kanti, ko iyali da ke tafe da yara. Wanda ya zo da kansa da fara'a fiye da kima, a wurin da baƙi ke taruwa, a yi hattara da shi. Dabarun sanannu ne kuma ba su cika canzawa ba. A gindin matakalar majami'ar Sacré-Cœur a Faris, wani zai kama hannunka ya fara ɗaura maka zare, in ya gama ya nemi kuɗi. A Istanbul mai goge takalmi zai yar da burushinsa a gabanka, ka ɗauka ka miƙa masa, ya nace sai ya goge maka don godiya, sannan ya yanka farashi. A Bangkok wani mai tsabtar shiga zai ce maka babbar fadar sarki a rufe take yau, ga mai keke zai kai ka wani wuri, ka ƙare a shagon duwatsu masu daraja. Duk wanda ya san labarin kafin ya gani, murmushi zai yi ya wuce. Jagoran safe yakan faɗa maka su cikin minti biyu. Wanda ya tafi shi kaɗai dole ya karanta su tun kafin ya taso.

Akwai wani abu da ke tsakanin bas ɗin yawo da tafiyar kai, wanda a ganina ya fi bas ɗin daɗi a garuruwa da dama, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa ba: abin hawan 'yan gari da ya dace ya bi ta wurare masu kyau. A Istanbul, jirgin fito daga Eminönü zuwa Üsküdar ko Kadıköy kimanin minti 20 ne, da katin da ake hawa bas da shi, kana zaune kana kallon hasumiyoyin masallatai suna ja da baya, ka bar Turai ka sauka a Asiya tare da ma'aikata da ɗalibai. A New York jirgin fito na Staten Island ba a biyan ko sisi, minti 25 ne, yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'Yanci. A Tokyo layin Yamanote da'ira ne mai tasha 30, yana zagayowa cikin kusan awa guda, yawancinsa a sarari, don haka ko ka yi gyangyaɗi inda ka hau zai dawo da kai. A Dubai ƙananan kwale-kwalen abra na tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai cikin 'yan mintuna. Irin wannan hawan yana ba ka hutun ƙafa daidai lokacin da gajiyar rana ta sauko, yana nuna maka fuskar garin daga nesa, kana kuma koyon amfani da katin da za ka riƙe har ka tafi. Abin da ka rasa kawai shi ne mai yi maka bayani.

Direba ko jagora naka kai kaɗai shi ya fi tsada, musamman da yake ba ka da abokin raba kuɗi, kuma a Faris ko Landan ko Tokyo ban ga dalilinsa ba. Inda yake da ma'ana shi ne wuri irin Alƙahira in ranar farko ka ƙudurta ganin dalar Giza da Saƙƙara, waɗanda ke wajen gari, ga masu raƙuma da dawaki da 'yan talla da ke yanyame duk wanda suka gani shi kaɗai. A samo shi ta hannun masauki ko kamfani mai rajista, a yi magana a kan kuɗi da wuraren zuwa kafin a tashi, a kuma faɗa masa tun farko cewa ba a son tsayawa shagon turare ko na takardar fafirus, don la'ada yake samu a can, lokacinka ne kuma ke tafiya.

Kowace hanya ka bi, ina roƙonka da abu ɗaya: kar ka sa babban gidan tarihi a yinin farko. Louvre na baje kolin abubuwa kusan 35,000. Gidan Tarihin Birtaniya ba a biyan kuɗin shiga, wanda hakan kan ja mutum ya ce bari in leƙa, sai ya tsinci kansa bayan awa uku yana tsaye gaban Dutsen Rosetta idanu na rufewa. Waɗannan wurare sun cancanci kwanyar da ta huta. Ga kuma ranakun rufewa da ke kama baƙi kullum: Louvre ba ya buɗewa ran Talata, gidan tarihi na Orsay da ke Faris ran Litinin, fadar Topkapi ta Istanbul ran Talata, babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul ran Lahadi, gidajen tarihin Vatican ma ran Lahadi in ban da ta ƙarshen wata. Tikiti mai ƙayyadadden lokaci, irin na Kolosiyam, tsohon filin wasa na Rum, ko hasumiyar Eiffel, a yanke shi tun da wuri amma a ajiye shi a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da ka san tsawon tafiya daga masaukinka.

Mai tafiya shi kaɗai wayarsa ce taswirarsa, ita ce tafintansa, wani lokaci ita ce tikitinsa da jakar kuɗinsa, kuma taswira na shan batir fiye da yadda ake zato. Wannan ya fi shafar wanda ya zaɓi tafiyar kai, don na cikin bas ko ayari in waya ta mutu bai ɓata ba. A sauke taswirar garin a waya tun akwai intanet, a riƙe abin caji na aljihu, a karɓi katin otal mai adireshi da rubutun ƙasar a sa a aljihu daban. Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai da Turkiyya, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka, 110 ta 'yan sanda a Japan, inda doka ma ta wajabta wa baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa. Ke kuma da ke tafiya ke kaɗai, jiragen Alƙahira da Dubai da Delhi suna da taragu ko sashe na mata, wasu layukan Tokyo ma na ware shi a lokacin cunkoso, kuma tambayar jagora mace wace unguwa take bi da dare ta fi kowane rubutu amfani. A duba lokacin faɗuwar rana kuma: a Landan cikin Disamba duhu na shigowa kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa har bayan 9 da sauran haske. Hanyar masauki da ka gani da rana takan canza kama da dare, gara ka fara bin ta ido na gani.

Yawan kwanakinka shi ne ma'auni na ƙarshe. Mai kwana ɗaya ko mai jiran canjin jirgi ba shi da gobe da zai yi amfani da abin da ya koya, don haka ya hau bas a gari mai faɗi, ko ya bi jagora a gari mai cushe, ya ga abin da ya samu. Mai kwana uku zuwa mako, yininsa na farko jari ne, jagora da safe da jirgin fito ko layin zagaye da rana za su sauƙaƙa masa duk sauran. Wanda ya saba tafiya, yana jin harshen garin, ya kuma yi barci a hanya, ba abin da zai hana shi kama bakin kogi shi kaɗai. Wanda bai rintsa ba kuwa, ko wane gwani ne, ya rage buri da rabi.

Da a ce gobe zan sauka Istanbul da safe ina da kwana huɗu, ga yadda zan yi. In ajiye jaka, in sayi katin Istanbulkart a na'urar tasha, in hau tiram na layin T1 zuwa Sultanahmet. In bi zagayen hantsi a dandalin da ke tsakanin Ayasofiya, tsohuwar majami'ar da ta koma masallaci, wadda aka kammala a shekarar 537, da masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, ina sane da cewa ana dakatar da masu ziyara a lokutan salla. Topkapi da tafkin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 in bar su sai jibi. Da rana in gangara Eminönü, tasha uku ce a tiram ɗin, in hau jirgin fito in samu kujera ta gefen ruwa, in sauka Üsküdar in ɗan taka bakin gaɓa, in dawo tun rana ba ta faɗi ba. In karɓi makullin ɗaki, in daure kar in kwanta sai ƙarfe 9.